Ai Ba Haka Labarin Landan Ya Ƙare Ba, Malam

A majalisarmu ta bayan la'asar takardar ta same ni, nan Aujara, gindin darbejiyar da muke shimfiɗa tabarma kusa da teburin mai shayi. Ƙanena ne, malamin firamare, ya miƙo mini yana murmushin mugunta. "Yaya, karanta ka ji. Yau an ƙure ku, ku masu son majalisar dokoki." Na gyara tabarau na karanta da ƙarfi kowa yana ji, har mai shayi ya rage wutar rishonsa ya matso. Da na kai ƙarshe mutum uku suka ce wallahi gaskiya ne, na huɗu ya ce a maimaita. Ni kuwa na ce a ba ni kwana biyu.

Marubucin ban taɓa ganinsa ba, amma alƙalaminsa na da zaƙi, kuma na yarda da zuciya ɗaya ya yi rubutun. Saboda haka zan faɗi hujjojinsa yadda ya kawo su, ba zan rage musu gishiri ba. Ya ce ficewar da Nijar da Mali da Burkina Faso suka yi daga ECOWAS ba abin kunya ba ce, tunda Birtaniya ma ta fice daga Tarayyar Turai, ba wanda ya yanke mata wuta ko ya ɗaura mata yaƙi. Ya ce masu kukan an fice babu majalisar dokoki su tuna a 2019 Firaminista Boris Johnson da kansa ya rufe majalisar Landan don ya samu hanyar fitar da ƙasarsa. To in uwar dimokuraɗiyya ta yi, a kan me za a tsangwami shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Tchiani? Ya ce majalisa a ƙasashenmu taron masu cin alawus ce, muryar talaka ta gaskiya ita ce wadda aka ji ranar da filin wasa na Seyni Kountché ya cika ya batse. Ya ce ECOWAS ta zalunci talakan Nijar. Sannan ya rufe da cewa tun da aka fice babu abin da ya canza a bakin iyaka, domin zumuncin Kano da Damagaram ya girmi ECOWAS, ya girmi Bature.

Maganar zalunci ba ni da ja a kanta, Malam. Ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu da hamɓarar da Shugaba Bazoum na Nijar, shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka rufe iyakoki, suka ba sojoji wa'adin kwana bakwai. Najeriya ta ɗauke wutar da Nijar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga gare ta. Janar dai yana da janareta. Wanda ya kwana a duhu shi ne mai sayar da ƙanƙara a Damagaram, da majinyacin da ke kwance a asibitin Maraɗi. An bar jaki ana dukan taiki, kuma taikin rabinsa namu ne, don karar Maigatari ma ta ji a jikinta. Sai ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, bayan ƙasashen uku sun riga sun sanar da ficewarsu. Ihu bayan hari. Wanda duk ya ce ECOWAS ta yi daidai a wannan, ni da kai za mu haɗu mu ƙaryata shi.

Inda muka rabu shi ne Landan. Labarin da ka ɗauko gaskiya ne, amma ka ajiye shi a tsakiyar hanya, kamar mai ba da labarin ɓarawon da ya haura katanga ya yi shiru kafin a zo wurin da aka kama shi.

Gaskiya ne ranar 28 ga Agustan 2019 Johnson ya nemi Sarauniya Elizabeth ta dakatar da zaman majalisa na mako biyar, zuwa 14 ga Oktoba, alhali ranar ficewa da aka tsayar ita ce 31 ga Oktoba. Ta amince. To sai me ya faru? Kafin a rufe ƙofar, 'yan majalisa suka yi sauri suka kafa dokar da ta ɗaure masa hannu: in ba a cimma yarjejeniya ba, dole ya nemi ƙarin lokaci. Wata 'yar kasuwa mai suna Gina Miller ta kai shi kotu, tsohon Firaminista John Major, ɗan jam'iyyarsa, ya mara mata baya. Ranar 24 ga Satumba alƙalan Kotun Ƙoli goma sha ɗaya, ƙarƙashin Lady Hale, suka yanke hukunci da baki ɗaya, ko mutum ɗaya bai ware ba: rufewar haramtacciya ce, tamkar farar takarda aka shiga da ita majalisa. Washegari 'yan majalisa suka koma kujerunsu. Johnson yana New York wurin taron Majalisar Ɗinkin Duniya, ya hawo jirgi ya dawo ya tsaya gabansu suna yi masa tambayoyi. Mutumin da ya ce gara a tsinci gawarsa a kwata da ya nemi ƙarin lokaci, a watan Oktoba ya aika wasiƙar neman ƙarin lokacin, don haushi ma bai sa mata hannu ba. Wannan shi ne shaidan da ka kira ya tsaya wa Yamai? Ai shaidan ɗaya ɓangaren ka gayyato, Malam.

Kuma kada a manta yadda aka fara. Ranar 23 ga Yunin 2016 aka tambayi mutanen Birtaniya ɗaya bayan ɗaya, a akwati, kusan kashi 52 cikin 100 suka ce a fita, 48 suka ce a zauna. Da Firaminista Theresa May ta so ta miƙa takardar ficewa da ikon ofishinta kawai, a Janairun 2017 kotun nan ta ce sai majalisa ta yi doka. Yarjejeniyar da ta ƙullo sau uku majalisa tana watsi da ita, na farko da ratar ƙuri'a 230. Sai da aka yi babban zaɓe biyu, firaminista biyu suka sauka, kafin a fita ranar 31 ga Janairun 2020, aka kuma ƙara wata goma sha ɗaya ana ciniki bisa tsohon tsari har a gama shirya sabo. Ni ba mai sha'awar Turawan Ingila ba ne. Su da na Faransa ne suka ja layin da ya raba Bahaushe gida biyu. Kuma ban ce ficewarsu ta yi musu kyau ba, wannan su ta shafa. Abin da nake cewa, an tambaye su.

Ka san a kan me aka fi cijewa a majalisar tasu duk tsawon shekarun nan? A kan iyakar Ireland, wadda tsawonta bai wuce kilomita 500 ba, inda mutane iri ɗaya suke zaune hagu da dama, manomi gonarsa a wata ƙasa gidansa a wata, madara ta tsallaka da safe ta dawo cuku. Wato surutun da kake raina wa, a kan Maigatarinsu ake yin sa. Tamu iyakar da Nijar ta kai kilomita 1,500, ta bi ta jihohi bakwai daga Kebbi har Borno. A wane zaure aka zauna aka yi mata ko da yini ɗaya na muhawara? Ranar Lahadi 28 ga Janairun 2024 Kanar Amadou Abdramane ya bayyana a talabijin da kaki ya karanta sanarwa cewa an fita nan take. Ko yarjejeniyar ƙungiyar ma ta ce sai an ba da sanarwar shekara guda, shi ya sa ficewar ba ta tabbata ba sai 29 ga Janairun 2025. Majalisar dokokin Nijar mai kujeru 171 kuwa tun daren 26 ga Yulin 2023 aka sallame ta tare da kundin tsarin mulki. Johnson ya nemi mako biyar, kotu ta hana shi. A Yamai wace kotu ce za ta hana, kuma wa zai kai ƙarar ya dawo ya kwana a gidansa?

Za ka ce ai jama'a sun fito. Sun fito, na gani, kuma ban ce hayarsu aka yi ba. Fushinsu da Faransa na gaske ne, yana da dalili, uraniyom ɗin Arlit kaɗai ya isa dalili. Amma filin wasa ba ya ƙirga wanda bai zo ba. Makiyayin Tanout bai zo ba, mai noman albasa a Galmi bai zo ba, matar da ke saro aya a Maraɗi ba ta zo ba. In gaskiya ne kowa na so, me ya hana a kafa akwati? Mai tabbacin nasara ai shi ya fi kowa son a ƙirga. A maimakon haka, a watan Maris na 2025 aka rantsar da Janar Tchiani na shekara biyar, aka rusa jam'iyyun siyasa baki ɗaya, daga baya aka kafa majalisar ba da shawara wadda naɗa mambobinta ake yi. Wanda ka naɗa da hannunka, ranar da ya ce maka a'a ai ranar ce ta ƙarshe.

Ba sai mun je Turai neman misali ba ma. Mutanen Nijar sun taɓa ganin wannan wasan a gidansu, wanda har yau ake kira tazarce. A watan Mayun 2009 Kotun Tsarin Mulki ta ce wa Shugaba Tandja Mamadou ƙuri'ar da yake shiryawa don ƙara wa kansa wa'adi ta saɓa doka. Ya rusa majalisa. Kotun ta sake cijewa, a ƙarshen Yuni ya rusa ta ita ma. Abin sha'awa, ita ma mace ce ke shugabantarta, Fatimata Bazèye, shekara goma cif kafin Lady Hale. Shi ma Tandja yana da taron jama'a, yana da masu yi masa kirari, kuma Allah ya sani ya yi wa talaka aiki. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji suka shiga fadarsa da rana tsaka suka ɗauke shi, mutane suka fito suna tafi. Wataƙila cikin masu tafin nan akwai waɗanda suka yi masa tafi wata shida kafin nan. Tafi ke nan, Malam. Da shi za a auna makomar ƙasa?

Yanzu maganar alawus. A nan majalisarmu ta gindin darbejiya ta fi yin shewa, kuma ban ga laifinsu ba. Wa zai kare ɗan majalisar da ba a ganinsa sai an kusa zaɓe, ya zo da taliya da atamfa? Ba ni ba. Amma bari in tuna maka wata Asabar. Ranar 5 ga Agustan 2023, saura kwana ɗaya wa'adin ECOWAS ya cika, mu nan Jigawa ba mai barcin kirki, domin in harsashi ya tashi ba a Abuja zai sauka ba, a Maigatari da Babura zai sauka. Tsarin mulkin Najeriya ya ce ba a tura soja yaƙi wajen ƙasa sai da yardar Majalisar Dattawa. Shugaba Tinubu ya rubuta musu. Sanatocin Arewa suka fito fili suka ce ba da su ba, majalisar ta rufe ƙofa ta tattauna, ta fito ta ce a bi hanyar sulhu. Ban rage wa malamai da sarakuna ladansu ba: Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya je Yamai, ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ya je, Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi sun yi ta kai-komo. Amma su roƙo suke yi. Waɗanda doka ta ba ikon cewa a'a su ne masu cin alawus ɗin nan. Da a ce mun bi shawararka mun rufe majalisarmu don a rage kashe kuɗi, wa zai tare hanya a ranar? Abin dariya, majalisar Abuja ce ta taimaka wajen ceton gwamnatin da ta rufe majalisar Yamai.

Saura maganarka ta ƙarshe, cewa babu abin da ya canza. A nan ne na gane daga tebur ka yi rubutun.

Ina da maƙwabci mai fataucin raguna. Duk Alhamis kafin a kira assalatu ya fita, ya bi ta Jahun ya ɓulla Gujungu, ya wuce Gumel, hantsi ya yi masa a karar Maigatari. Na bi shi sau da yawa. Wanda bai taɓa gani ba ba zai gane ba: ƙura ta tashi har rana ta dushe, raƙuma a gefe suna kuka, Uda da Balami an ɗaure su jeri-jeri, Buzu da rawani yana ciniki da Bayarabe ta bakin dillali, 'yan canji a ƙarƙashin rumfa da damin Sefa da Naira, tireloli sun ja layi suna jiran lodin Kudu. Maƙwabcin nawa yakan kama rago ta ƙugu, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ja mai shi gefe su yi ƙus-ƙus, sai ka ji an ce "Allah ya sa albarka." Yawancin dabbobin nan daga ƙetare suke.

A watan Oktoban 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa ko'ina sai Mali da Burkina Faso. A watan Maris na 2025 ƙasashen uku suka sa sabon haraji na rabin kashi ɗaya cikin ɗari kan kayan da ake shigo musu da su daga waje. A watan Mayu, ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, aka hana fitar da dabbobi. Ranar Alhamis ɗin da ta biyo baya maƙwabcina ya dawo kafin la'asar, abin da ba ya yi, ya zauna a tabarmar nan tamu ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na ce, "Alhaji, lafiya?" Ya ce, "Malam, ragon yana can, kuɗin suna nan, mai ragon yana so, ni ina so." Bai ƙara komai ba. Abin da ya samu ya shigo ta ɓarauniyar hanya ne, kuma kuɗin 'yan fito da na kowane shinge a kan mai layya suka ƙare.

Na san amsarka: gwamnati na so ragon ya yi araha ga ɗan Yamai. Niyya ce mai kyau. Amma makiyayin da ya shekara yana kiwo don kasuwar Najeriya, wanda da kuɗin ragon zai sayi geron damina, a ina zai kai kukansa? Wa ya wakilce shi ranar da aka yanke? Kuma gaskiya ne har yanzu ana wucewa babu biza, amma ka karanta sanarwar ECOWAS da kyau: ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan ƙasashen uku har zuwa wani lokaci. Abin da tun yarjejeniyar 1979 yake haƙƙin Bahaushen Magarya, ya shigo ya yi kwana casa'in ba mai tambayarsa, yau ya koma alfarma. Mai zaman alfarma kuwa ya san ba ya miƙe ƙafa.

Kada ka ce na wanke Najeriya. A watan Agustan 2019, watan da Johnson ya nemi rufe majalisarsa, Shugaba Buhari ya rufe iyakokinmu ba tare da ya shawarci kowa ba, har zuwa Disambar 2020, aka kuma hana kai fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Takardar ECOWAS ba ta hana shi ba. Mun sha wuya, kuma kuskure ne. Amma mun zage shi a rediyo mun kwana a gida, 'yan majalisa sun tashi sun yi ƙorafi, jaridu sun rubuta. Ɗan bambancin nan shi nake karewa. Ƙarami ne, na sani, amma ka tambayi wanda ba shi da shi.

Zumunci ya girmi Bature, haka ne. Kakanninmu sun kai kanwa da dabino Kano, sun kai goro da baƙi Agadas, babu fasfo. Amma a zamaninsu babu jandarma a kan hanya da littafin rasit. Zumunci ba ya sauke shinge. Takarda ce ke sauke shi, ita ma da kyar. Ga layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi, wanda reshensa zai zo mana har Dutse. Bisa wace ƙa'ida kaya za su hau shi su tsallaka? Zumunci zai cika takardar kwastan?

Wani abu kuma da ka tsallake, ban sani ba ko mantuwa ce. An ce an fita daga ECOWAS don a tsinke igiyar Faransa. To ECOWAS a Legas aka haife ta, ranar 28 ga Mayun 1975, Gowon da Eyadema ne suka yi mata wanka. Abin da Faransa ta haifa da cikinta shi ne Sefa, kuma har ranar da ficewar ta tabbata ita ce a aljihun kowa daga Yamai har Bamako, ita ce a rumfar 'yan canjin Maigatari. An saki matar da maƙwabci ya haɗa auren, an bar wadda uban gidan ya kawo.

Matsayina dai bai canza ba. Nijar ƙasa ce mai 'yanci, tana da ikon fita daga kowace ƙungiya. Muritaniya ta fita a 2000, sama ba ta faɗo ba, ko da yake a 2017 ta dawo ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da ƙungiyar. In mutanen Nijar aka tambaya suka ce a fita, ni ne na farkon cewa Allah ya sa haka ya fi alheri. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a rufe bakin mutum sannan a ce da yawunsa aka yi magana, kuma a jawo Landan a ce ita ta koyar, alhali a Landan wanda ya gwada kwana goma sha biyar kawai ƙofar ta yi a rufe aka sa shi ya buɗe.

Na karanta wannan amsa a majalisarmu kafin in aiko. Ƙanena ya ce har yanzu bai gamsu ba, mai shayi ya ce shi dai a buɗe hanya sukari ya sauko. Ba wanda ya kori wani daga tabarma. In ka samu sarari, Malam, ka zo Aujara ranar Laraba ka kwana, akwai ɗaki. Motar Maigatari da asuba take tashi, Alhaji ya ce zai bar maka kujerar gaba.